Ɗingishin Aro

Kafin a aiko kiran Mai Sawu, mai bin sawun ɓarayi, rabin layin ya riga ya gama zagaye shagon kayan wuta, kowa da ƙafarsa da bakinsa. An ɓalle ƙofar baya, an kwashe baturan sola da naɗin waya, mai gadi kuma an kwaɗa masa ƙarfe a ƙeya, yana asibiti bai san inda kansa yake ba. Dattijon ya tsaya daga nesa yana duban ƙasa, ransa na ɓaci. Tun yana da baƙin gashi abu ɗaya yake roƙon mutane, in an yi ta'asa a ja da baya. Amma ɗan Adam in ka ce masa kada ya taka wuri, nan ne tafin ƙafarsa zai fara ƙaiƙayi.

Mai Aski ne ya tarbe shi, da tsumman aiki a kafaɗa, ya ce masa ai ya huta, aikin ya yi kansa. Ya ja shi gefen kwata inda ƙasa ke da danshi. Sawun mutum ɗaya ne, ya fito daga ƙofar da kaya mai nauyi, ƙafar hagu tana ja, ta bar zane kamar an ja sanda.

"Ko makaho ya shafa ya san gurgu ne," in ji Mai Aski. "To gurgu nawa gare mu a layin nan?"

Ɗaya ne, kowa ya sani. Mai Faci, ɗan ƙanwar Mai Sawu, wanda babur ya karya tun yana saurayi, ƙafar ta warke a gajarce. Rumfarsa ta facin taya na kallon shagon. 'Yan sanda kuwa tuni sun tafi da shi, ko hannu ba su bari ya wanke ba.

Mai Sawu ya tsuguna ya daɗe. Ya san takun ɗan ƙanwarsa kamar yadda ya san yunwar cikinsa. Mai Faci ba ya jan ƙafa. A kan yatsu yake takawa, dunduniyar hagu ba ta sake taɓa ƙasa ba tun ranar hatsarin. Ya ɗago ya faɗa musu haka. Aka yi masa irin shirun nan da ake yi wa dangin ɓarawo. Can daga baya Mai Walda ya ce to da me ake so kawu ya ce, aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa.

Mai Sawu ya miƙe. Ya ari bahon wanki a gidan da ke kusa, ya kife shi a kan taku biyun da suka tsira daga ƙafafun jama'a, ya danne da dutse. Ya roƙi mai shagon kada ya bari kowa ya ɗaga. Mai shagon ya ce ya ji, amma idonsa na wani wuri.

* * *

Ƙanwarsa ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Tana zaune a bakin gado da kwanon abincin da ta kai ofishin 'yan sanda aka hana ta shiga da shi. Ta ce an gaya mata za a kai shi gaban alƙali, kuma laifin fashi da rauni ba a cika ba da beli ba. In ba wanda ya tsaya masa, gidan yari za a tura shi zaman jiran shari'a, inda mutum kan shiga da baƙin gemu ya fito da fari ba a ko kira sunansa ba.

"Yaya, kai ne mai kamo wa mutane ɓarayinsu," ta ce. "Yau naka aka kama. Ka samo masa lauya."

Shi kuwa da za a ce ya bi sawun akuya a kan dutse da ya fi masa sauƙi. Kotu ya sha shiga, amma kullum ta ƙofar masu ba da shaida, ya faɗi abin da ya gani ya kama gabansa. Bai taɓa tambayar inda masu baƙar riga ke kwana ba.

Direba ne ya ɗauke masa wannan nauyin. Mutum ne mai sanyin baki, yana da a-kori-kura, shi ke yi wa shagunan layin jigilar kaya, har da shagon da aka fasa. Ya ce ai Mai Faci ɗan'uwa ne, ya sha yi masa faci ba tare da an yi dogon zance ba, kuma shi ya san lungun garin nan kamar aljihunsa. Ya ce Baba ya shiga gaban mota kawai.

Lauya na farko yana hawa na biyu, ofishinsa sanyi ƙalau. Ya dubi takalmin Mai Sawu kafin ya dubi fuskarsa, dattijon ya ce a ransa ashe shi ma abokin sana'a ne. Lauyan ya ce shi rikicin fili yake yi, ba ya taɓa laifi. Na biyu kullum yana kotu. Sakatariyarsa takan faɗi haka ba ta ɗago daga wayarta ba, alhali ana jin tarinsa a ɗakin ciki. Na uku a gindin bishiya suka same shi a ƙofar kotu, da kwat da jaka, ya yi alkawarin fito da Mai Faci kafin la'asar. Wani masinja ne ya ja Mai Sawu gefe ya ce masa wannan ko makarantar lauyoyi bai taɓa leƙawa ba, mai rubuta wa mutane ƙorafi ne. Na huɗu ya saurara har ƙarshe, ya ma gyaɗa kai. Sai ya tambaya, shi wane ne a wurin wanda ake tuhuma? Da ya ji kalmar kawu sai ya rufe ido, ya ce shaidar kawu a kan sawu, ko shi ne alƙalin ba zai ɗauka ba.

Duk inda suka je Direba kan ajiye shi a bakin ƙofa, ya kashe mota ya kwantar da kujera. In ya fito da fuska a murtuke ya ce, "Haƙuri, Baba. Akwai wani a can gaba."

* * *

Tsakanin wannan ofis da wancan, Mai Sawu bai bar nasa aikin ba. Da mai gadi ya farfaɗo ya je ya gan shi, da fatan ya ga fuska. Mai gadin ya ce bai ga kowa ba. Ya dai ji jan ƙafa a bayansa, sharrr, sharrr, ya ɗauka Mai Faci ne ya dawo ɗaukar wani abu, yana shirin juyawa su gaisa aka kashe masa fitila. Ya riga ya faɗa wa 'yan sanda haka. Dattijon ya fito daga asibitin ya fi shigarsa nauyi.

Aka ce masa akwai wani mai turin baro da ƙusa ta soke shi, yana ɗingishi. Ya bi shi har bakin kasuwa cikin rana. Ƙafar dama ce, kuma ta kumbura har ba ta shiga takalmi, mutumin ko buhun auduga ba zai iya ɗauka ba.

Sai ya koma kan Mai Walda. Akwai dalili. A watan da ya wuce an yi shari'ar satar injin wuta a gidan bulo, kuma shaidar Mai Sawu ce ta ɗaure ƙanen Mai Walda, wanda shi ma ya ji ciwo a gwiwa wajen tsallake katanga. Ya sami Mai Walda yana haɗa ƙyauren ƙarfe. Ƙasan rumfar duk garin ƙarfe ne, sawu ya fito raɗau kamar an buga tambari. Gajeren taku ne, ƙafafu a haɗe. Wanda ya fita da batir ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba.

Mai Walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce ya gama karanta masa ƙasan? "Wallahi na so a ce ni ne, don in ga idonka. Amma Allah ya hutar da ni. Yanzu ka ɗanɗana kai abinci gidan yari ka ji."

* * *

Saura lauya ɗaya, kuma ita ce wadda ya rantse ba zai taka ƙofarta ba. Lauya Mai Tabarau ake ce mata. Ita ce ta kare ƙanen Mai Walda, ita ce ta tsayar da Mai Sawu a akwatin shaida, tana juya masa magana kamar waina a tanda. Da ya ambace ta, Direba ya girgiza kai ya ce haba Baba, wa ke kai kansa gidan maƙiyi, kuma ma ya ji an ce ta tashi daga garin.

Washegari Mai Sawu bai jira mota ba, ya tafi da ƙafarsa. Ba ta tashi ba. Tana nan a saman wani kantin magani, ɗaki ɗaya, fanka na kuka, mutane a jere a kan benci. Da layi ya zo kansa ta dube shi ta saman tabarau, ta ce a'a, yau malamin ƙasa ne da kansa. Ya zauna ya yi bayani.

Ba ta katse shi ba sai da ya zo kan sawun. Ta ce ya kwatanta mata shi dalla-dalla. Ya ce ƙafar ta ja, babban yatsa ya bar zane, takun wannan gefen ya gajarce, mutumin ya jingina nauyinsa ɗaya gefen.

Ta cire tabarau. "Baba, sake faɗa."

Ya sake.

"Wannan ai karatun da ka yi mana ne a kotu. Ko wasali ba ka canza ba."

Sai abin ya dawo masa. Ran nan ta tambaye shi yadda aka yi ya san mai rauni ne ya tsallake katangar, ta ce ko dai duba yake yi. Zuciya ta ɗebe shi, ya nemi izinin alƙali ya sauko daga akwatin, ya yi ɗingishin a gaban kowa, yana ja yana bayani, har masu kallo suka yi dariya aka buga musu tebur. Irin ɗingishin mai ciwon gwiwa ya nuna. Wanda ya kalla ya ɗauka duk gurgu haka yake tafiya.

"Ka koyar, wani ya ɗauka," in ji ta.

"Ke kika sa ni."

"Aikina ke nan. Gobe ma zan sa ka."

Ta tambaye shi su wane ne daga layinsu suka zauna a kotun ran nan. Ya ce Mai Walda, don ƙanensa. Mai Aski, wanda ke zuwa kotu kamar yadda wasu ke zuwa kallon ƙwallo. Sai Direba, da ya kai shi ya zauna a bencin baya yana jiransa. Ta ce za ta tsaya wa Mai Faci, amma ya sani, ba shi ba ne ba ta fitar da mutum daga kurkuku. Ga shi nan ce ke fitarwa. Tana mayar da tabarau ta ce ita fa ba ta san kan wannan sana'a ba, amma tun ɗazu ƙafa ɗaya yake ta ba ta labari.

"Ɗayar fa? Ita me ta ce?"

Mai Sawu ya tashi ko sallama bai yi ba.

* * *

Bahon na nan, wani ya ma shanya tsumma a kansa. Ya ɗaga dutsen. Ƙasar ta bushe ta riƙe takun kamar an gasa. Ran da ya fara gani, idonsa a kan zanen nan ya tsaya kamar na kowa, don shi ne ke tuhumar jininsa. Yanzu ya sa tafin hannu ya rufe ƙafar hagu, ya dubi ta dama.

Ita ba ta san ana wasa ba. Mai ita hankalinsa duk yana kan ƙafar da yake ja, ya bar wannan ta yi tafiyarta ta kullum. A karkace take, bakinta na kallon waje. Dunduniya ta nutse ta gefe guda, yatsu kuwa da ƙyar suka shafi ƙasa, kamar ƙafar da ta saba zama a kan dunduniya tana lilo.

Ya bi mutanen layin ɗaya bayan ɗaya a ransa. Ba na Mai Walda ba ne. Ba na Mai Aski ba, shi tafinsa shimfiɗaɗɗe ne kamar na agwagwa. Ya san takun mai shago, ya san na mai kanti, har na matan da ke zuwa famfo. Wannan bai san shi ba. Ya daɗe a tsugune kafin ya gane abin da ke damunsa. Akwai mutum ɗaya a layin da yake gaisawa da shi kullum, amma ta tagar mota.

* * *

Lauya ce ta kira taron. Ta aika wa mutum ukun cewa tana son su taimaka mata da bayanin halin Mai Faci, a bayan shago, da hantsi. Ta zo da ɗan sandan da ke riƙe da binciken, wanda ya zo yana duba agogo. Mai Sawu kuwa tun da safe ya share lungun, ya yayyafa ruwa, ya bar shi sumul. Lungun matsattse ne, mota ba ta shiga.

Mai Aski ya fara isowa, yana faɗin shi fa gaskiya zai faɗa ko a kan uwarsa. Mai Walda ya biyo baya yana hura hanci. Direba ya tsaya a bakin titi ya danna hon, ya leƙo ya ce ko a yi maganar daga nan, yana da kaya a baya. Lauya ta ce masa ba za ta ɗaga murya a titi ba, ya daure ya ƙaraso. Ya kashe mota ya sauko.

Mai Sawu bai dubi fuskar kowa ba. Lauya na ta tambayoyinta, wa ya san Mai Faci tun yaushe, wa ya taɓa jin ya ɗauki na wani, shi kuwa yana bin ƙasa a sunkuye. Da ya ga abin da yake nema sai ya ɗauko tsinke, ya zagaye taku ɗaya, ya je ya ɗaga bahon. Ya kira ɗan sandan ya ce ya manta da ƙafar hagu, ya dubi dama a nan, ya dubi dama a can. Ɗan sandan ya duba, ya sake dubawa, ya daina duba agogo. Mai Aski ya miƙo wuya yana leƙe.

Direba ya yi murmushi ya ce ai ba abin mamaki ba ne, shi ke kawo wa shagon kaya, ta ƙofar bayan nan yake shiga da su. Dole a ga ƙafarsa.

"Da ɗingishi kake shigowa?" in ji Mai Sawu. "Wannan dama ita ce abokiyar tafiyar wannan hagun. Tare suka fito."

"Baba, ni fa na yi ta yawo da kai."

"Ka yi. Duk ƙofar da ka san ba za ta buɗe ba ka kai ni."

Direba ya dubi bakin lungu, amma Mai Walda ya riga ya tsaya a wurin, ya harɗe hannuwa. Ba don Mai Sawu ya yi ba, ya faɗa daga baya, shi dai ya tsani a raina wa layi hankali. Kafin azahar 'yan sanda suka sami baturan a wani garejin da Direba ke ajiye mota, an lulluɓe su da tamfol.

* * *

Mai Sawu ya wuce gidan ƙanwarsa ya ce ta ɗora ruwan wanka, yau ɗanta zai kwana a gida. Bai kwana ba. Mai gabatar da ƙara ya ce kama ɗaya ba ya wanke ɗaya. Direba ya ce shi sayen kayan ya yi a hannun Mai Faci, mai gadi kuma har yanzu yana kan bakansa cewa jan ƙafa ya ji. Aka haɗa su a tuhuma ɗaya, aka ɗaga zaman, aka sake ɗagawa don alƙali ya yi tafiya. Ƙanwarsa ta daina tambayarsa, takan ɗauki kwanonta ta wuce shi a zaure.

Ana gobe zama Lauya ta kira shi. Ta ce babu wata hanya, sai ya hau akwatin ya bayyana wa alƙali yadda ake gane ɗingishin aro, da abin da ƙafa ta biyu ke yi in an manta da ita. Duka, ba ragi, don lauyan Direba zai tatse shi fiye da yadda ita ta yi.

Ya ce ta san abin da take nema kuwa? Wancan karon ɗan kaɗan ya faɗa, ga abin da ya jawo. In ya faɗi wannan, gobe ɓarawo da ƙafa biyu zai yi masa ƙarya, shi kuma ba shi da ta uku da zai duba. Ko ba za a iya yi a ɗakin alƙali ba, a rufe ƙofa?

Ta ce shari'ar laifi a buɗe ake yin ta. "Zaɓi naka ne, Baba. Sana'arka ko ɗan ƙanwarka."

Kotun ta cika har taga. Labari ya zaga cewa tsohon nan zai sake yin wasa, sai ga fuskokin da bai taɓa gani ba, samari da hula a kan ido, wasu a tsaye a baya sun jingina da bango. Mai Aski ya kama bencin gaba tun da sassafe. Aka shigo da Mai Faci, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya tsaya a inda aka nuna masa, a kan yatsun ƙafar hagu, ya ɗago ya ce, "Kawu," a hankali, aka ce ya yi shiru.

Aka rantsar da Mai Sawu. Lauya ta miƙe ta gyara tabarau, ta ce ya gaya wa kotu yadda ya gane cewa wanda ya bar sawun nan ba gurgu ba ne.

Ya dubi bencin baya. Ko tari babu mai yi, duk sun miƙo kunne. Ya ja numfashi ya dubi alƙali.

"Ranka ya daɗe, a ba ni izini in sauko. Da baki ba za a gane ba, sai na taka."